Kwanakin da Na Haɗa Amfilifaya a Falona

Asabar

Da la'asar risibar, na'urar da ke rarraba sauti ga lasifikokin falona, ta sake kashe kanta ana tsakiyar kallo. Jirgin yaƙi ya taso a fim, ƙara ta kai ƙololuwa, sai na ji ƙas, falo ya yi tsit, jar fitila na ta ƙiftawa a gaban na'urar. Na ɗora tafin hannu a samanta, zafi bai bar ni na daɗe ba. Tun shigowar bazara abin yake faruwa, kuma a Kano cikin Afrilu, sa'ad da zafi ke taɓa digiri 40, ba abin mamaki ba ne.

Kayan da nake da su ba na a zo a gani ba ne, amma na daɗe ina tara su: risiba mai hanya bakwai, lasifikoki uku a gaba, biyu a gefe, biyu a baya, sai wufa, mai fitar da ƙasan sauti, wadda ke da injinta a cikinta. Ukun gaban nan su ne tushen maganar. A bayan kowacce an rubuta om 4, alhali alƙawarin wat 100 da risibar ta yi an auna shi ne a kan om 8, kuma hanya biyu kaɗai ke aiki lokacin awon. Lasifika mai om 4 tana jan ninki biyu na wutar da mai om 8 ke ja a ƙarfi ɗaya, wannan jan kuwa shi ke komawa zafi a cikin risiba. Sannan dukan hanyoyin bakwai daga taransifoma ɗaya suke sha. Kamar tanki ɗaya ne mai famfo bakwai: a buɗe biyu, ruwa na zuwa da ƙarfi, a buɗe duka, kowanne sai ya koma tsiyaya.

Na yanke shawara zan ƙara amfilifaya ta waje, ta ɗauki ukun gaba, risiba ta ji da huɗun da suka rage. Kafin in kwanta na haska tocila a bayan risibar don in tabbatar da abu guda, domin in babu shi zancen ya ƙare. Akwai: jerin ramukan RCA, a samansu an rubuta PRE OUT, ɗaya ga kowace hanya. Ta nan sauti ke fita kafin a ƙara masa ƙarfi. Ƙananan risibobi da yawa ba su da waɗannan ramuka sai na wufa kaɗai, mai irinsu kuwa ko ya sayi amfilifaya ba shi da inda zai soka ta.

Lahadi

Ban fita ba, lissafi na zauna yi, don ba na so in sayi lamba a jikin kwali.

Takardar lasifikokina ta ce desibel 88 suke bayarwa a nisan mita ɗaya idan an ba su bolt 2.83. A om 8 wannan wat ɗaya ne, amma a om 4 wat biyu ne, saboda haka ainihin abin da suke bayarwa a wat ɗaya desibel 85 ne. Kujerata tana nisan mita uku, duk ninkin nisa kuma yana cin desibel 6 a fili, wato na yi asarar kusan 10, ko da yake bango da silin suna mayar da wani abu. In an bi lissafin fili, wat ɗaya yana kawo mini desibel 75 a kunne, wat 10 ya kawo 85, wat 100 ya kawo 95, sai wat 1,000 kafin a kai 105.

Wannan 105 ba ni na ƙirƙiro ta ba. Ma'aunin da ake haɗa sautin fim a kansa domin manyan sinimomi shi ne desibel 85, a bar sararin 20 a sama domin fashewar bam da tsawa, kowace hanya ta iya kai 105, ta wufa kuma 115. Ba wanda zai zauna a falon gida a wannan ƙarfin ya ji daɗi. Ni nakan tsaya desibel 10 ko 15 ƙasa da shi. A nan ne abin ya fito mini fili: hira da kiɗan fim ba su cin ko wat biyu, amma daƙiƙar da bam ya tashi ana neman wat 100 a kowace lasifika ta gaba, a om 4, duka a lokaci guda. Wannan daƙiƙar ce risibata ba ta iya biya.

Wani abin da lissafin ya nuna shi ne kada in sa ran ƙara mai yawa. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne zai ji amma ba zai girgiza ba. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Wanda ya sauya wat 100 da wat 200 yana jiran rufin ɗaki ya ɗaga, zai ga kamar an cuce shi. Abin da ake saye a nan sarari ne, yadda ƙololuwar sauti za ta fita ba a aske mata kai ba. Idan amfilifaya ta kai iyakarta aka ci gaba da matsa mata, tana yanke saman igiyar sautin, kunne ya ji kaushi, ƙaramar lasifikar nan mai fitar da siririyar murya kuma ta sha zafin da zai iya ƙona ta.

A cikin saitin risibar akwai wurin da ake zaɓar om 4. Mutane da yawa suna zaton ƙarfi yake ƙarawa. Rage wutar da ke shiga injin yake yi don kada ta yi zafi, saboda haka iyakar tata ma matsowa kusa take yi.

Litinin

Na sauka daga aiki na biya wajen Malam, dattijon da ke gyara mini kayan sauti tun zamanin kaset. Shagonsa cike da ƙamshin dalma, a kan teburinsa wata amfilifayar masallaci a buɗe, yana bin ta da burushi yana kakkaɓe ƙura. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, bai tambayi wat nawa nake so ba.

"Alhaji, wutar gidanka fa? Akwai at, wayar ƙasa, a soket ɗin falon?"

Na ce, "Malam, ina jin akwai."

Ya ce, "Jin nan shi za mu je mu auna."

Muka shiga Sabon Gari tare. Kayan gwanjo irin wannan yawanci ta Legas suke shigowa, daga kasuwar Alaba, wasu daga Ingila, wasu daga Amurka. Abin da Malam ke fara yi wa kowacce shi ne ya juya bayanta ya karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Wutarmu bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bolt 120 ce, sau 60. Na'urar da aka yi don Amurka kaɗai, in aka soka ta a soket ɗinmu kai tsaye, hayaƙi za a gani. Ana iya sa mata taransifomar rage wuta, amma ga abu mai cin wuta kamar wannan sai an samo babba mai nauyi, wadda ita ma tana da nata gurnanin. Muka bar duk masu 120.

An nuna mini irin ta masu kiɗan biki, mara nauyi, mai wat da yawa, kuma da araha. Irin waɗannan da dama ajin D ne, suna mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka sha zuwa sauti, ba su cika zafi ba, abin da ya dace da mai amfani da inbata. Na so ta. Amma da aka kunna, fankarta ta tashi da ƙarar da ba za a ji a filin biki ba, a falo kuwa da dare za ta zauna a kan kowace hira. Ga shi irinsu sukan nemi sigina mai ƙarfi fiye da wanda ramukan risibar gida ke bayarwa cikin sauƙi.

Wadda muka tsaya a kanta mai hanya uku ce, ajin AB, wat 200 a om 8, wat 300 a om 4, babu fanka, sai haƙarƙarin ƙarfe a gefe biyu masu fitar da zafi. Irin wannan kusan rabin wutar da ta sha zafi take zama, na san da haka. Malam ya sa aka buɗe murfin. Ya duba manyan kwandensa ko sun kumbura, ya sa mitarsa a bakin kowace hanya ya ga ba ta zubo wutar da za ta ƙona lasifika, sannan ya sa aka bar ta a kunne muna hira har ta ɗumama, ya sake aunawa. Sai da ya gyaɗa kai aka fara ciniki. Mu biyu muka ɗauke ta zuwa mota.

Talata

Ranar waya. Na sayi RCA guda uku gajeru masu kauri, ba masu tsada ba, da wayar lasifika ta jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 2.5. Akwai wadda ake sayarwa da arha, alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe, in ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari a ciki. Na bar ta.

Na cire komai daga wuta, na liƙa wa kowace waya takarda da sunanta, na zare wayoyin ukun gaba daga risiba na mayar da su bayan amfilifaya, ja a ja, baƙi a baƙi. Na murɗe bakin kowacce sosai, domin silin waya ɗaya da ya tsallaka ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya kashe hanya. Amfilifayar ba ta shiga cikin kabad ba, na ba ta nata wurin a buɗe, babu abin da ke kanta. Akwai kuma wata siririyar waya mai kai irin na abin sauraro na kunne, tana ɗaukar bolt 12 daga risiba zuwa amfilifaya, ta tashe ta idan an kunna, ta kwantar da ita idan an kashe. Wanda ba shi da wannan sai ya riƙe ƙa'ida: amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa, don kada bugun kunna sauran kaya ya faɗa wa lasifika.

An ɗauke wuta kafin in gama. Ban yarda in fara gwada ta a kan janareta ba.

Laraba

Wuta ta dawo da hantsi. Na kunna, fitila ta yi shuɗi, sai ga wani gurnani, uuum, daga lasifikoki ukun nan, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa ko na murɗa ƙara ko na rage. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, wannan kukan fa, haka za mu zauna da shi?" Na ce a'a, in sha Allahu yau za a gano shi.

Malam ya zo bayan azahar da ɗan yaronsa mai koyon aiki. Bai buɗe komai ba. Ya zare RCA ukun daga bayan amfilifaya, gurnani ya ɗauke, ya ce to ita lafiyarta ƙalau, daga waje yake shigo mata. Ya mayar da su, ya shiga zare wayoyin da ke shiga risiba ɗaya bayan ɗaya. Ta na'urar faifai, yana nan. Ta talabijin, yana nan. Da ya zare ta dikoda, tsit. Ya mayar, ya kwance farar wayar da ta sauko daga dish, tsit kuma.

Bayanin da ya yi mini shi ne, risibata filoginta ƙafa biyu ne, ba ta da alaƙa da wayar ƙasa, amma sabuwar amfilifaya ƙafa uku ce. Da shigowarta kayan falon suka sami hanyar ƙasa guda biyu, ɗaya ta soket, ɗaya ta dish ɗin da ke kafe a bango can waje, kuma biyun ba daidai suke ba. Ɗan bambancin nan sai ya riƙa gudana ta jikin wayoyin RCA, amfilifaya ta ɗauka sauti ne ta ƙara masa ƙarfi. Gurnanin da nake ji kaɗawar wutar gida ce, sau 50 a daƙiƙa.

Yaron ya ce, "Baba, a karya ƙafar saman filogin mana, ai shi ke nan."

Malam ya juyo ya dube shi. "Zai yi shiru kam. Ranar da waya ta tsinke a ciki ta taɓa murfin ƙarfen nan, wa zai ɗauki wutar? Yaron da ya zo ya dafa. Kada in sake jin wannan a bakinka."

Wannan magana ta zauna mini, domin na san gidaje da yawa da aka yi haka. Ƙafar nan ta uku aikinta ke nan, ta ba wuta hanyar gudu zuwa ƙasa har fis ya tsinke, kafin ta bi ta jikin mutum.

Akwai ƙaramin abin da ake sa wa wayar talabijin ya raba hanyoyin biyu, amma Malam ya ce irin da aka saba sayarwa bai dace da dish ba, saboda dikoda tana aika bolt 13 ko 18 ta cikin wannan wayar zuwa kan dish ɗin, abin kuma yana tare ta, hoto ya ɓace. Abin da ya yi shi ne ya ɗaure jikin wayar dish da wayar ƙasa ta gidan a daidai inda ta shigo, ya kuma tara dukan kayan sauti a kan soket ɗaya. Da muka zagaya bayan gida muka tono sandar at, sai muka iske tsatsa ta cinye mahaɗinta, ƙasar wurin kuma ta bushe ƙamas, ga rani. Ya kankare, ya sa sabon maɗauri, aka zuba gawayi aka jiƙa wurin. Muka koma falo, na kara kunnena a jikin lasifikar tsakiya. Sai wani siririn huci da ba a ji daga taku ɗaya.

Ko da amfilifayar ba ta yi mini komai ba, ta sa an gyara at ɗin gidan da iyalina ke kwana.

Alhamis

Ban kunna fim ba, domin tsohon saiti ya tashi daga aiki. Sabuwar tana ƙara wa sigina ƙarfi fiye da injin cikin risiba, don haka gaba ya rinjayi baya. Kusan kowace risiba ta zamani tana zuwa da ɗan makirufo da tsarin auna ɗaki: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer. Aikin yana son shiru, unguwarmu kuwa ba ta yin shiru sai janaretocin maƙwabta sun kwanta. Na jira har bayan sha ɗaya na dare, na kashe fanka, na kafa makirufon a kan ƙafar kyamara daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, na koma bakin ƙofa ina gumi yayin da kowace lasifika ke yin nata tsiwit, tsiwit.

Sakamakon ya rage ukun gaba da desibel 4 zuwa 5. Ya kuma ɗauki biyun gaba a matsayin manya, wato a tura musu har da can ƙasan sauti. Na mayar da su ƙanana, na sa mararraba a hatiz 80, yadda kamfanin THX ya daɗe yana ba da shawara, duk abin da ke ƙasa da haka ya tafi wufa. Ƙasan sauti shi ya fi cin wuta, kuma wannan gyara kyauta ne. Duk mai risibar da ke zafi ya fara da shi tun kafin ya je kasuwa.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci ƙanena ya zo, muka yi gwajin da na fi so. Kunne yana da saurin ruɗuwa: abin da ya fi ƙara da desibel ɗaya kawai sai a ce ya fi daɗi. Saboda haka muka daidaita ƙarfin hanyoyin biyu da sautin gwaji na risiba, desibel 75 a kujera, shi yana sauya wayoyi a baya bayan ya kashe komai, ni ina zaune na ba shi baya.

A karatun Alƙur'ani da labarai da fim ɗin Hausa, a ƙarfin da muke ji kullum, ban iya bambance su ba. Shi ma da muka yi musanya bai iya ba. Ya ce, "Yaya, to kuɗin fa?" Na ce ya jira.

Muka sa fim ɗin Dunkirk na Christopher Nolan, na 2017, wurin da jirage ke sauko wa sojoji a bakin teku, muka ɗaga zuwa desibel 10 ƙasa da ma'aunin sinima. Nan kam ba a bukatar gardama. Ta risiba kaɗai, idan ƙara ta taru sai ta cure wuri guda, ta yi kaifi, hannu ya kai kan rimot da kansa. Ta amfilifaya kuwa kukan injin daban, fashewa daban, muryar mutum na fita a tsakiyarsu. Ba ta fi ƙara ba ko kaɗan, kaushin ne babu. Wannan ma yana da nasa haɗarin, domin kaushin nan shi ke sa mutum ya rage. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas ga ma'aikaci, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ga yara a gida, ga haƙƙin maƙwabci wanda bangonmu ɗaya. Na shiga saiti na sa wa ƙarar iyakar da ba za ta wuce ba.

Asabar

Da rana tsaka aka kalli fim har ƙarshe, risiba da ɗumi kawai, amfilifaya da zafin da hannu ke iya jurewa. Da yamma aka ɗauke wuta na gwada ta a kan inbata. Tashin farko babbar taransifomarta tana fizgar wuta da yawa na ɗan lokaci, inbatar ta yi ƙara ta ɗauke. Ba zan matsa mata ba. Daren da babu wuta za mu yi kallo da lasifikar talabijin, na kuma sa a raina in nemi sitabilaiza mai girman da zai ɗauke ta, saboda yadda wuta ke hawa da sauka.

Ga wanda ke tunanin bin wannan hanya, ga abin da na gani. Idan lasifikokinka om 8 ne, masu desibel 90 ko fiye, falonka madaidaici, kana da wufa kuma ka sa mararraba a 80, risibarka ta ishe ka, kuɗin ya fi amfani a wufa mai kyau ko labule mai kauri da kafet. Idan kuwa om 4 ne, ɗakin da faɗi, risiba na zafi tana kashe kanta, to amfilifaya za ta yi maka aiki. Kafin ka fita kasuwa, haska bayan risibarka ka ga ko akwai ramukan PRE OUT, sannan ka kira mai aikin wuta ya auna maka at ɗin gidanka.